Safiya Uku Babu Raɓa

Yanzu yaro zai zaro waya daga aljihu, ya shafa ta da yatsa, ya ce maka jibi da la'asar za a yi ruwa a Kabo. In an yi, ya ce ai ya faɗa. In ba a yi ba, ya ce laifin wayar ne, ya mayar da ita aljihu, babu mai tare shi a kasuwa ya nemi ba'asi. Jikokina da abokansu in suka ji an ce aikin auna yanayi na yi har na tsufa, sai su kalli juna. Wani cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba, wato dai kwalba kuke leƙawa kullum, shi ke nan aikin?" Na ce masa shi ke nan. Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu, don su san abin da mutum ke iya gani a cikin kwalba, da abin da ganin ke jawo masa.

A lokacin da nake magana, gyaɗa ce ke riƙe da ƙasar Gwarzo da Kabo. Gero da dawa na ciki ne. Sutura da aure da rufin kwano da kujerar Makka, duk daga gyaɗa suke fitowa. Da kaka in ka tsaya a bakin hanya, motoci ne ke wucewa danƙare da buhuna zuwa Kano, inda ake jera su dala-dala. Saboda gyaɗar nan aka kafa wata 'yar gonar gwaji tsakanin garuruwan biyu, a gefenta kuma aka kewaye wani fili da waya, bai fi faɗin masallacin unguwa ba. Nan ce tashar auna yanayi. A nan na fara aiki ina saurayi, a nan kuma na dawo na ƙare.

Aikin farko da aka ba ni shi ne aske ciyawa da almakashi. Wanda ya ba ni aikin, Malam Bawa, tsohon soja ne gajere, kunnensa na hagu ba ya ji, ya koyi sana'ar a filin jirgin sama lokacin yaƙin Turawa. Ya ce ciyawar filin kar ta wuce gaɓar yatsa, kar kuma a ga ƙasa ta cikinta. Wata uku ina tsugune ina aski, ina wanke lagwani, ina goge gilashi, bai bar ni na karanta komai ba. Ranar da na yi ƙorafi ya juyo mini da kunnen hagu.

A tsakiyar filin akwai farin akwatin katako mai ƙafa huɗu, jikinsa duk tsaga-tsaga don iska ta ratsa amma rana kar ta shiga. Akurkin Bature mutanen gari ke ce masa. A cikinsa ma'aunan zafi suke. Biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ɗaya haka nan, ɗaya an naɗe gindinsa da lagwani mai shan ruwa daga wata 'yar kwalba. In iska busasshiya ce, sai ta riƙa zuƙe ruwan lagwanin, mai lagwani ya yi ƙasa ya bar ɗan'uwansa a sama. In iska na ɗauke da laima, sai su tafi kusan tare. Daga waje akwai mazurarin tagulla a kan kwalbar tarar ruwan sama, da kibiya a kan dogon ƙarfe mai nuna inda iska ta fito. Akwai kuma ƙwallon gilashi kamar babban lemo, wanda ke tattara rana wuri ɗaya ya ƙona wani siririn kati da muke sawa a bayansa. In gajimare ya gifta, ƙunar ta katse. In ya wuce, ta ci gaba. Da yamma ka zare katin, ka ga yinin ranar kwance a tafin hannunka.

Na ƙarshe shi ne ma'aunin ciyawa. Da yamma ake kwantar da shi a kan 'yan itatuwa biyu masu baki biyu, yana taɓa kan ciyawar da na aske. A cikinsa akwai wani ɗan tsinke da ke tsayawa a inda sanyi ya kai iyakarsa, ya jira ka har ka zo da ƙarfe bakwai na safe. Shi ya fi saurin fashewa. Shi ne kuma ba ya ƙarya.

Wani hantsi Malam Bawa ya rufe tagar ofis ya bar 'yar kafa, ya ciro wani gilashi mai gefe uku daga cikin tsohuwar safar soja. Ya tara shi a hasken da ke shigowa, sai ga bakan gizo kwance a kan tebur, ja a wannan gefe, shuɗi mai duhu a wancan. Ya shafa wa gindin ma'auni baƙin fitila, ya miƙo mini, ya ce in ajiye shi a bayan jan, inda babu komai sai katako.

Na ce, "Malam, ai nan babu haske."

Ya ce, "Kai ne ba ka gani. Ajiye."

Na ajiye. Ma'aunin ya fara hawa a hankali.

"Wa ya ɗumama shi?"

Na dubi katakon, na sake duban ma'aunin.

"Ɗan makaranta ke nan. An ba ka ido biyu, ka ɗauka iyakar duniya ke nan."

A ranar ya gaya mini abin da na shekara arba'in ina tabbatarwa a ƙasashen mutane. Hasken rana ya fi abin da ido ke gani faɗi. A bayan shuɗin nan mai duhu akwai wani haske ɓoyayye, Malam Bawa na ce masa mai ƙuna. Shi ke koɗe tufa, shi ke saɓule fata. Da zai sauko duka, da ba ganye ba mutum. Amma can sama ƙwarai, inda ko jirgi ba ya kaiwa, akwai wata iska 'yar kaɗan da ake kira ozon, ita ke shanye mafi yawansa kafin ya iso. A bayan ja kuma akwai mai ɗumi, wanda ya hau da ma'aunina. Ƙasa in ta sha rana, da irin wannan haske take mayar da zafin sama, dare da rana. Yawancin iskar da ke kanmu ba ruwanta da shi, wucewa yake ta cikinta kamar ruwa a rariya. Abin da ke tare shi kaɗan ne: tururin ruwa, da iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda wuta ma ke fitarwa. Su ke kama shi su mayar da wani sashe ƙasa.

"Don haka," in ji shi, "in sama na da laima, ƙasa ta kwana da bargo. Ka tashi da gumi, kana tsine wa zafi, ma'aunin ciyawa yana kusa da na akurki. In sama ta bushe, an yaye bargon. Zafin ƙasa ya tsere, ka tashi kana jin daɗin asuba, ma'aunin ciyawa ya faɗi can ƙasa. Manomi na son asuba mai sanyi. Mu a farkon damina tsoronta muke ji."

Bayan na ƙware an yi ta aika ni wurare. A Ikko na yi kwas, inda dare da rana duk ɗaya ne, riga ba ta bushewa a jiki, ma'aunai biyu na akurki kamar an ɗaure su da igiya. An ara ni aiki a Agadas, na koyi Faransanci a bakin aiki, na ga yadda rana ke gasa mutum da azahar, da asuba kuma ya nemi bargo biyu, don saman can babu abin da ke riƙe komai. A tsaunukan Habasha ina sanye da kwat saboda sanyi amma fatar hancina ta saɓule, domin iskar da ke tsakanina da rana ta ragu, mai ƙuna ya same ni da sauran ƙarfinsa. Na bi ta Sudan zuwa aikin hajji, na zauna da masu irin aikina a bakin Bahar Maliya muna hira da Larabci. Kayan aikin iri ɗaya ne ko'ina. Ƙa'idar ma iri ɗaya ce, ko da wane harshe aka faɗe ta: mai auna yanayi abin da ya faru yake rubutawa. Hasashe aikin manya ne a babban ofis. Bambancin da na gani ɗaya ne. A can tashoshin suna filin jirgi ko bayan katanga, babu mai zuwa ya tambaye ka komai. Tamu tana bakin hanyar kasuwa, kowa ya san gidan ubanka.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Malamin gona yakan zo ya kwafi yawan ruwan da aka yi. Direbobin motocin gyaɗa sukan tsaya su tambayi ko hanyar Lakwaya za ta biyu. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa da tasa tana son a sam mata ruwan kwalbarmu, wai an ce maganin ciwon ido ne. Amma mafi yawa manoma ne, kuma tambayarsu ɗaya ce, ko da sun fara da gaisuwar iyali da ta dabbobi. Yaushe ruwa zai zauna?

Amsar Malam Bawa ba ta canzawa. "Mu jiya muke rubutawa. Gobe ta Allah ce." Yana da dalili. Farkon zuwansa wani mai unguwa ya matsa masa, shi kuma ya dubi ma'aunansa ya ce a shuka, ruwa ya zauna. Aka shuka, ruwa ya ɗauke. Aka wayi gari an farfasa akurki da duwatsu, aka yi shekara ana kiransa boka, har wani ya ƙi bin sahu ɗaya da shi a masallaci. Ranar da zai bar aiki ya ba ni makullin ƙofar waya da gilashin nan mai gefe uku, ya sa na maimaita ƙa'idar sau uku kamar mai karɓar karatu. Na riƙe ta. Na yi alfahari da riƙe ta.

Yanzu sai in gaya muku labarin irinmu.

Gidanmu a Gammo yake. Asalinmu masu shanu ne, kakanmu ne ya zauna ya kama noma. Mahaifinmu yana da wata gyaɗa da ya yi shekaru yana zaɓe da hannunsa, kowace kaka ya ware kwanson da ya fi cika daga gindin da ya fi lafiya. Mai yaɗo ce, ƙwayarta ja-ja, mai yawan mai, harawarta kuma dabba ba ta barin ko tsinke. 'Yar Baba muke ce mata, har maƙwabta suka kama. Bayan rasuwarsa ta koma hannun wana, Yaya Idi, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya kai ni makaranta a kan kekensa. A Gammo ba a shuka gyaɗa sai an ga Yaya Idi ya shuka. Baba kuma ya bar wata al'ada: ba a juye iri duka a gona. Ana barin kashi ɗaya cikin uku a rumbu da kwansonsa, sai shukar farko ta kama ƙasa sosai a ƙarasa.

Shekarun fari da suka biyo bayan yaƙin basasa suka zo. A shekarar farko Yaya ya yi haƙuri kamar yadda ya saba, ya jira ruwa ya zauna, ya shuka a makare. Ruwa ya ɗauke da wuri. 'Yar Baba gyaɗa ce mai son dogon ruwa, sai ta tsaya da kwanso babu ƙwaya. Da ƙyar ya tsince abin da ya kai buhu ɗaya na iri. Duk rani bai bar kowa ya taɓa shi ba, ko da tuwo ya koma sau ɗaya a gidan. Ya kuma ƙudurta cewa bana ba za a bar shi a baya ba.

Da damina ta gaba ta kama, ranar wata Lahadi da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbarmu ta kusa cika. Ranar Litinin na iske ciyawa sharkaf da raɓa, iska daga kudu maso yamma, ma'aunin ciyawa kusa da na akurki. Komai daidai. Duk ƙasar ta fita shukar gero.

Ranar Talata da na buɗe ƙofar waya, ƙafata ba ta jiƙe ba. Na tsuguna na shafa ciyawa, a bushe. Tsinken ma'aunin ciyawa ya sauka inda ban saba ganinsa ba sai a tsakiyar rani. Kibiya ta juya arewa maso gabas. Na rubuta. Ranar Laraba haka, har ya fi. 'Yar kwalbar lagwani da kan yi mini kwana biyu ta ƙafe kafin azahar. Katin ƙwallon gilashi ya ƙone daga wannan baki zuwa wancan, layi ɗaya babu katsewa. Na rubuta. A hanya kowa na haɗu da shi cewa yake, "Malam Sa'idu, ka ji daɗin garin? Ƙasa ta sha ruwa ta huce." Ni kuwa na san ba hucewa ba ce. Iskar damina ce ta leƙo ta zubar da abin da ta ɗauko ta koma kudu, ta bar mu babu bargo.

Ranar Alhamis, safiya ta uku, ina tsugune gaban ma'aunin ciyawa na ji ƙarar keke. Yaya Idi ne. Tun da na fara aikin nan bai taɓa taka tashar ba. Ya jingine keken a jikin waya, na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi akuyar da ya ba ni, ya tambayi ko rufin ɗakina ya yi yoyo ranar Lahadi. Sannan ya dubi akurki.

"Kajin Baturen naka suna ƙwai kuwa?"

"Suna yi, Yaya."

"Me suka ce?"

Na shigar da shi, abin da doka ta hana. Na nuna masa ma'aunai biyu yadda suka rabu. Na nuna masa kibiya. Na sa ya shafa ciyawa. Na gaya masa maganar bargo kamar yadda Malam Bawa ya gaya mini, da Hausar da babu abin da ya ɓuya. Ya saurara har na gama, yana juya hularsa a hannu. Ba mutum ne mai raina ilimi ba.

Ya ce, "Na ji. Mun gama gero jiya. Na tona gonar gyaɗa da safen nan, akwai danshi har tsawon yatsa. In na bar shi gobe, jibi babu. Bara na jira, ka ga abin da jira ya yi mini. Yanzu kai nake tambaya, ba kwalba ba. In shuka ko kar in shuka?"

Na ce, "Yaya, mu jiya muke rubutawa."

"Na san wannan karatun. Na Bawa ne. Ka tabbata ba za a yi ruwa a kwana goman nan ba?"

"Ban tabbata ba."

"Ka taɓa ganin iskar ta juya haka, ta kuma dawo da wuri?"

"Na taɓa gani."

Gaskiya na faɗa. Na taɓa gani sau ɗaya ko biyu. Abin da ban ƙara ba shi ne sau nawa na ga ba ta dawo ba. Bai tambaya ba, ni kuma ban saba ƙara wa Yaya magana a kan wadda ya nema ba. Ga ƙa'idar aiki a gefe guda, ga shi wana ne, wanda duk Gammo ke kallon hannunsa. In na ce kar ya shuka, aka yi ruwa jibi, na sa garin duka ya makara shekara ta biyu a jere. Kalma uku ce, kar ka shuka. Ban faɗe ta ba.

Ya sa hularsa. "To, Allah ya sa mu dace. Ka zo da yamma, ana ɓare."

Da la'asar na tafi Gammo. An baje tabarmi a tsakar gida, mata da yara ana ta ɓarar iri, ƙarar kwanso kamar ana taka busasshen ganye. Matar Yaya, Hansatu, abokiyar wasata ce tun ina yaro, ita ke riƙe da bakin buhu. An ɓare kashi biyu, saura na ukun nan da Baba ya ce a riƙa bari. Yaya ya ce a juye, iri ya yi kaɗan bana, ba zai cika ko rabin gona ba in an rage.

Hansatu ta ɗaga gindin buhun ta tsaya, ta dube ni.

"Mai kwalba, kai da ake biya don kallon sama, in rage ko in juye?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Na ce, "Ga maigida nan zaune, ni za ki tambaya?"

"Ai na san ba ka da amfani. Wanda ko laima ba ya ɗauka ranar ruwa."

Ta juye. Har ta kakkaɓe gindin buhun. Da na ce ta ɗebar mini mudu ɗaya in kai gonar gwaji, da wasa za a ɗauka, a ba ni, babu wanda zai ce na yi wa Yaya gardama. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai ina kan hanyar komawa.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci an gama shuka. Asabar duk Gammo ta bi. Har mutanen da Baba ya taɓa ba irin a ƙauyukan kewaye, da suka ji Idi ya shuka, suka fitar da nasu.

Aikin kwanakin da suka biyo baya shi ne mafi sauƙi da na taɓa yi. Kwalbar ruwa ba ta bukatar juyewa. Kati kullum iri ɗaya. Gyaɗar ta tsiro da kyau, layi-layi, ta buɗe ganye. A mako na biyu ta fara naɗe ganyen da hantsi, ta buɗe da yamma. Daga baya ta daina buɗewa. Ƙasar jigawa in ta bushe, da azahar ko jaki ba ya son taka ta. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, na bi sahu. Ranar da iska ta dawo kudu na tashi da gumi, na iske raɓa a ciyawa, na san ruwa na tafe. Ya zo kuwa, mai yawa, ya sauka a kan gonakin da babu komai cikinsu sai tsinke. Gero an sake shukawa, don irin gero ɗan kaɗan ke cika gona. Gyaɗa babu abin sakewa.

Na ɗauki hutu na bi ƙauyuka da keke ina neman 'Yar Baba. Na je Getso wurin wani da Baba ya ba iri shekarun baya, ya ce nasa sun cinye tun rani. Na je Lakwaya, wani tsoho ya kai ni gonarsa ya nuna mini tsinke irin namu. Wata mata ta fito mini da 'yar ƙwarya, na duba, ba ita ba ce. Duk inda aiki ya kai ni bayan haka sai na shiga kasuwa layin masu gyaɗa, har Damagaram da Maraɗi. Na ga masu kama da ita. Ban gan ta ba.

Yaya bai taɓa ce mini komai ba. Hansatu ce ta daina kirana Mai kwalba, ta koma Malam Sa'idu, tana gaishe ni a durƙushe kamar baƙo.

Da kaka Yaya ya sake zuwa tashar, karo na biyu kuma na ƙarshe. Ya iske ni ina ɗaure katunan watan shukar nan da zare, zan aika babban ofis a Kano. Ya karɓa ya baje su a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowanne da baƙin layinsa daga baki zuwa baki. Bai iya boko ba, amma wannan ba ya bukatar boko.

"Wannan ta Talatar ce?"

"Ita ce."

"Wannan Laraba. Wannan ranar da na zo."

"E, Yaya."

"Duk ka rubuta."

"Na rubuta."

"Babu kuskure?"

"Babu."

Ya tattara su ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya miƙo mini da hannu biyu.

"To, madalla. Sai a aika Kano."

Shekara ta gaba ya karɓi sabon iri mai saurin nuna daga malamin gona, kamar kowa. Ba a daɗe ba cutar kuturtar gyaɗa ta shigo ta gama da abin da fari ya bari. Yaya ya koma dawa da wake har ya rasu. Motoci suka daina wucewa, dalar gyaɗar Kano ta sauka ba a sake ɗaga ta ba. Da gyaɗa ta tafi, babu mai bukatar gonar gwaji. Aka daina aiko mana da kati, sannan aka daina aiko da lagwani, na riƙa yanka tsohuwar rigata. Ranar da ma'aunin ciyawa na ƙarshe ya fashe na rubuta takarda, ba a amsa ba.

Yanzu ina jin masana a rediyo suna cewa hayaƙin injuna ya ƙara wa saman duniya irin iskar nan mai riƙe ɗumi, bargon ya yi kauri. Ban yi mamaki ba, abin da na gani ne a kan teburin Malam Bawa. Su ma na lura sun daɗe suna rubutawa.

Filin tashar yanzu gonar masara ce, mai ita bai san an taɓa aske ciyawa da almakashi a wurin ba. Gilashi mai gefe uku yana nan a cikin safarsa a akwatina. Ana ɗan noma gyaɗa a Gammo har yau, ta ƙuli-ƙuli da miya, da irin da ake saya a kasuwa. 'Yar Baba kuwa ta ƙare a duniya daga ranar Juma'ar nan da Yaya ya shuka ta, kuma babu wanda ya rage da ya san ɗanɗanonta sai ni.